Gansakukar da Na Yi Tsaraba da Ita

A gidanmu na Zariya, idan damina ta yi nisa, katangar bayan gida da gindin randa sukan yi kore shar da gansakuka. Gwaggo, yayar mahaifina wadda ta rene ni, ba ta iya ganinta ta yi shiru. Sai ta miƙo mini guntuwar fartanya ta ce in kankare wannan ƙazanta kafin wani ya zame ya karye. In na kankare yau, kafin sati biyu ta dawo. Da wannan sanin na girma, cewa gansakuka aba ce marar zuciya, ko ka kore ta sai ta dawo. Da shi kuma na zo Makka aikin tuƙi, ina da shekara talatin da 'yan kai.

Kafilina, wato mutumin da takardar zamana ke ƙarƙashin sunansa, dattijo ne dogo mai saurin fushi. Kakansa ya taho daga ƙasar Kano a ƙafa, ya yi aikin Hajji, ya zauna bai koma ba. Shi a Makka aka haife shi, ɗan ƙasa ne, amma Hausa ba ta bar bakinsa ba, sai dai tsohuwar Hausa ce da Larabci ya cinye rabinta. 'Ya'yansa kam ko sannu za su ce sai sun yi tunani. Ina jin dalilin da ya sa ya ɗauke ni ke nan. Mota kowa ya iya tuƙawa, shi wanda zai yi wa faɗa da Hausa yake nema. Ina ce masa Baba. Shi kuwa bai taɓa kiran sunana ba, kullum Bazazzagi, kuma da yadda yake jan kalmar nake gane ko yau akwai zaman lafiya.

Shekaru masu yawa ya yi yana koyar da yara a wani ƙauye a kan dutsen Hada, a hanyar Ɗa'ifa, kafin ya yi ritaya ya dawo gidansa da ke unguwar Aziziyya a Makka. Ni ina kwana a unguwar Ka'akiyya, ɗaki ɗaya mu huɗu. A satina na farko ya ce ran Asabar in zo da an idar da sallar asuba. Na zo na tarar da shi a ƙofar gida da jarka biyu babu komai a ciki, da kwalbar fesa ruwa irin ta masu guga, da ƙunshin farin zare. Ban tambaya ba, na zuba a mota.

Mun wuce Arafa, hanya ta fara hawa tana nannaɗewa, zafin Makka yana saɓulewa daga jikin mutum kaɗan-kaɗan har sai da na kashe sanyin mota. Muka tsaya a ƙauyen da ya yi koyarwa, muka cika jarkokin da ruwan sama daga tankin wani tsohon abokinsa, don ya ce ruwan famfo bai yi ba. Daga inda kwalta ta ƙare muka bi hanyar awaki a ƙafa, ni da jarka biyu, shi da zare, yana ce mini yalla, yalla, wato in yi sauri, kamar shi ne mai kayan. Muka gangara wani kwari mai itatuwan ar'ar, gajeru masu murɗaɗɗen jiki, ganyensu yana ƙamshi in ka murza. Gajimare ya sauko har ƙasa yana ratsa tsakaninsu, ya jiƙa mini gashin hannu. A nan Baba ya tsaya gaban wata bishiya, ya zagaya ɓangaren da rana ba ta taɓawa, ya nuna mini wani busasshen abu mai ruwan ƙasa manne da ɓawon.

Na duba, na sake dubawa, dariya ta ƙwace mini.

“Baba, gansakuka muka taso tun asuba mu gani? Ai da ka faɗa mini da na sa an aiko maka da buhu daga gida.”

“Wallahi ba ka san komai ba, Bazazzagi,” in ji shi. “Uskut, rufe baki ka buɗe ido.”

Ya fesa mata ruwa sau uku. Kafin in ƙirga goma abin ya motsa. Ƙananan ganye suka buɗe, sirara, jere kamar gashin tsuntsu, ruwan ƙasan ya koma kore mai duhu. Ni dai ban taɓa ganin mataccen abu ya farka a gaban idona ba sai ranar.

A kan wani dutse muka zauna ya yi mini bayani, rabi Hausa rabi Larabci. Ya ce kada in haɗa ta da shaiba, wannan mai ruwan toka da ke reto a rassa, wadda mata ke jefawa a tukunyar shinkafa. Ita wannan koriyar ba ta da saiwa, ba ta shan komai daga ƙasa, daga gajimare take sha, kuma ba ta zama sai a ɓawon tsohon ar'ar. Tun yana saurayi yake yawo a duwatsun nan, kuma a kwari huɗu kawai ya taɓa ganinta. Ɗaya hanya ta bi ta kansa. Ɗaya masu fita shan iska suka bar garwashi ya cinye. Na uku itatuwan suka bushe a tsaye. Saura wannan, kuma shi ma in ka ɗaga kai za ka ga kawunan itatuwan sun fara fari, don gajimaren ya rage zuwa, in ya zo ma ba ya daɗewa. In bishiya ta mutu ɓawonta yakan ɓare ya faɗi da gansakukar a jiki. Aikin Baba shi ne ya tsince waɗanda suka faɗi, ya ɗaure su da zare a jikin bishiya mai rai, ya riƙa fesa musu ruwa har su kama. Ya ce zare uku ke ruɓewa kafin ta kama. Ya nuna mini wata da ba ta fi tafin hannuna ba, ya ce shekarar da aka haifi autarsa ya ɗaura ta. Autar nan a lokacin tana da 'ya'ya biyu.

Na ji da kunnena. Amma can cikin raina ban yarda ba. Na ce tsufa ne da son ƙara wa zance gishiri, gansakuka ce fa.

Kwarin ba nasa ba ne, ba shi da ikon kafa ko sanda ɗaya ta shinge. Ya sha rubuta takardu yana kaiwa ofisoshi, a karɓa da girmamawa, a ba shi gahawa, ya dawo. Abin da ya rage masa kawai shi ne kada kowa ya san wurin. Kafin mu tashi ya kama hannuna ya ce, “Wannan amana ce, ya waladi, ɗana. Ko 'ya'yana ba su san hanyar nan ba.” Na ce na ɗauka.

Shekara shida muna hawa kowace Asabar. Hannuna ya faɗa da aikin. Na iya ɗaurin da ba ya shaƙe ta kuma iska ba ta kwancewa, na san bishiyar da za ta karɓa da wadda za ta ƙi. Har na fara yi masa gyara, shi kuma yana cewa tun yaushe ɗan tuƙi ya zama ustazu. Ina son wurin, ba zan ɓoye ba. Duk sati ina cikin cunkoson Aziziyya da hayaniyar ɗakinmu, Asabar kaɗai nake jin numfashina ya kai ƙasa.

A shekara ta bakwai Gwaggo ta zo Umara. Ta tsufa, ga wani tari da ya daɗe yana damunta. Ta sauka a unguwar Misfala, kusa da Harami, a wani masauki da abokina ɗan unguwarmu yake kula da shi. Duk wanda ya san mutanenmu ya san ba a barin Makka hannu sake. Dabino, zamzam, carbi, kwalli, zobba, kowa da abin da zai kai gida, kuma duk wanda ke zaune a nan dole ya ƙara wa baƙonsa wani abu a jaka. Ni matar da ta rene ni ce. Na ga ba zan ba ta dabinon da kowa ke bayarwa ba, sai abin da babu wanda ya taɓa kaiwa Zariya. Son a sani ne ya ja ni, ba wani abu ba.

Ranar Asabar, Baba ya tayar da sallar walaha a kan dutsen da ya saba zama, na zagaya bayan wata bishiya na sa farce na ɓamɓaro guda, kamar rabin tafin hannu, na cusa a aljihu. Zuciyata ko ɗar ba ta yi ba. Na ce kafin baɗi wurin ya cike.

Washegari na kai mata. Ɗakin cike yake da mata 'yan tafiyarsu, ana ta ɗaure kaya. Na sa ta a faranti, na ɗiga mata zamzam. Da ta buɗe ta yi kore, ɗakin ya ɗauki salati. Wata tsohuwa ta matso ta ce, “Ɗan nan, maganin mene ne?” A wurinmu ba a ba mutum ganye a ce kallo kawai zai yi. In na ce ba maganin komai ba ce, tsarabata ta zama abin dariya. Sai bakina ya riga hankalina.

“Mutanen dutse suna jiƙa ta su sha saboda ciwon ƙirji,” na ce.

Ƙarya ce, a nan take na ƙirƙire ta. Suka ce a ina take fitowa, na ce a dutsen da ke bayan Arafa. Abokina yana tsaye a bakin ƙofa yana ji.

Gwaggo ta koma gida, ta jiƙa ta sha, tarin ya yi sauƙi. Ni na fi zaton rabuwa da sanyin na'urar masauki ne ya taimake ta, amma wa zai gaya mata haka? Ta ɗauki waya ta yi saƙon murya tana sa mini albarka, tana ba da labarin ciyawar Arafa da ke mutuwa ta tashi. Saƙon ya bi wayoyin mata daga wannan gida zuwa wancan. Kafin wata biyu duk ayarin da ya sauka a Misfala daga wajenmu sai an sami mai tambayar ciyawar Arafa.

Abokina ya sa ni gaba. Na ƙi, na sake ƙi. Ranar nan ya tare ni a gaban mutane ya ce, “Mahaifiyar limamin unguwarku ce ke nema, tana kwance. Ko yanzu ka zama Balarabe ne, ba ka san mutanen gida ba?” Maganar ta soke ni. Ranar wata Talata, na ajiye Baba a asibiti ganin likitan ido, na ɗauki abokina a motar Baban, na kai shi har cikin kwarin. Na ce ya ɗebi kaɗan, kuma daga yau kada ya sake. Ya rantse. A hanyar dawowa na lura yana waiwayen kowace kwana, amma na kawar da kai.

Ana saura kwanaki a fara azumi Baba ya zame a banɗaki ya karye a ƙugu. Daga nan rayuwata ta koma tsakanin asibiti da gida, ga azumi, ga baƙin Hajji da suka cika gidan. Wata huɗu ba mu hau dutse ba. A cikin watannin nan ne na fara ganin wasu ƙananan ƙulli-ƙulli a leda a kan shimfiɗar masu sayar da tsaraba a lungunan Misfala. Na ɗaga ɗaya na duba, na ga shaiba ce ta kantin kayan yaji, na ce alhamdu lillahi, damfara ce kawai. Na ɗaga na biyu, sai na ga tamu ce ta gaske. Har da ɓawon ar'ar a jiki. Na ajiye na wuce da sauri, kuma ban gaya wa kowa ba.

Bayan alhazai sun watse Baba ya ce sai an kai shi. 'Ya'yansa suka hana, ya yi musu tas da Larabci, ya juyo ya ƙarasa da Hausa a kaina. Muka tafi. Hanyar awakin nan rabi da sanda ya bi ta, rabi a kafaɗata. Tun kafin mu gangara na ga hanyar ta yi faɗi, ga robobin ruwa a yashe.

Babu bishiyar da aka bari. Da wuƙa aka bi su, aka kankare har ɓawon, jikinsu ya yi fari tas daga gwiwa zuwa iya inda hannu ke kaiwa, wasu ma an hau an bi rassan. Ta shekarar autarsa babu ko alamarta. Zarurrukan da muka ɗaura suna zube a ƙasa, an tsinke su.

Na jira ya yi ihu. Mutumin da ke tayar da unguwa in na taka burki da ƙarfi, ranar bai ɗaga murya ba. Ya saki kafaɗata, ya dogara sandarsa, ya riƙa sunkuyawa da ƙyar yana tsintar zaren ɗaya bayan ɗaya yana naɗewa a yatsa. Sai da ya tara da yawa sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

“Mutum biyu suka san hanyar nan. Ni ƙafata a karye take.”

Na faɗa masa komai, tun daga aljihuna har zuwa ranar Talata. Da na gama, shirun ya yi mini nauyi, sai na ƙara da maganar da har gobe in na tuna nake jin kunyar kaina.

“Baba, ka yi haƙuri. In aka yi ruwa za ta sake fitowa.”

Ya ɗago ya dube ni. “A Zariya,” ya ce.

Da yamma na dira a Misfala na ci kwalar abokina a gaban masaukinsa. Na zage shi zagin da ban san na iya ba. Aka taru aka raba mu, ana cewa ku ji tsoron Allah, ga Harami nan kusa. Da aka tambayi abin da ya haɗa mu, ya buɗe hannuwa ya ce, “A kan gansakuka fa, jama'a!” Aka fashe da dariya. Ya ce shi sau uku kawai ya je, kuma marasa lafiya ya taimaka wa, sauran waɗanda suka bi sawunsa ne. Ya ce in ƙarya ce maganin, wa ya fara faɗa? Duk taron nan babu mutum ɗaya da zan iya fahimtarwa, don ni ma shekara shida ana nuna mini ban fahimta ba.

Abokin nawa ya jefo mini abin da ya rage a wurinsa, kusan rabin ƙaramin buhu. An shanya shi a kan rufin masauki cikin ranar Makka, wani ma an daka. Muka koma da shi dutse Asabar ɗin da ta biyo. Baba yana zaune a kan dutsensa, ni ina ɗaurawa. Mafi yawa ko an fesa ruwa ba ya motsi, ranar ta dafa shi. Kaɗan da ya yi kore ba shi da ɓawon da zai kama, don jikin itatuwan ya zama sumul. Muka ɗaura duk da haka. Sati ya zagayo muka tarar iska ta zubar, muka sake ɗaurawa. Itatuwan da aka fi ji wa ciwo suka riga sauran bushewa.

Bai kore ni ba. Da ya kore ni da na fi samun sauƙi. Bai gaya wa 'ya'yansa ba, bai sake tayar da zancen ba. Abu ɗaya ya canza: ya daina ce mini Bazazzagi. Ya koma kirana da sunana na yanka, a hankali, da ladabi, yadda ake kiran baƙo. Faɗan ma ya daina. In na taka burki da ƙarfi sai ya riƙe ƙofa ya yi shiru.

A wani hawa da muka yi, shi da idonsa marar ƙarfi ya hango abin da ni ban gani ba. Can sama a tsakanin rassa biyu na wata bishiya da ke bakin gangare, inda masu wuƙa suka ji tsoron hawa, akwai saura guda, ba ta fi kan babban yatsa ba. Na hau na fesa mata ruwa, ta buɗe. Na leƙo ina murna na ce tana da rai. Ya ɗaga kai ya dubi ƙololuwar bishiyar da ta riga ta yi fari, ya ce, “Na gani.” Ranar ce hawansa na ƙarshe.

Ya rasu bayan shekara ɗaya da 'yan watanni. Aka yi masa salla a Harami, ina cikin masu ɗaukar makara. 'Ya'yansa sun yi mini kirki, suka mayar da iƙamata, takardar zamana, wurin wani ɗan'uwansu mai kantin kayan gini, shi ya sa har yanzu ina nan. Da suke kwashe kayan ɗakinsa suka ga ƙunshin zare da kwalbar fesa ruwa, ba su san na mene ne ba, na ce su ba ni.

Na ci gaba da hawa, ba kowace Asabar ba, sai na sami motar aro. Jarka ɗaya ta ishe ni yanzu. A watan jiya na je na tarar reshen ya tsage, ɓawon wurin ya ɓare ya faɗa gangaren. Na sauka da rarrafe ina tona tsakuwa da busasshen ganye har rana ta take. Ban same ta ba. Gajimare ma bai zo ba ranar. Na juye ruwan a gindin bishiyar na dawo.

Gwaggo tana nan da ranta, ta ƙara tsufa, kunnenta ya yi nauyi. Kwana uku da dawowata daga dutsen ta sa aka kira mata ni a waya. Bayan gaisuwa da addu'o'i ta ce maƙwabciyarta na fama da ƙirji, in samo mata ciyawar nan ko 'yar kaɗan ce, akwai mai tahowa bayan Maulidi.

“Ta ƙare, Gwaggo,” na ce.

“Me?”

“Na ce ta ƙare. Babu ita kuma. Ko guda.”

Ta yi dariya har tarin ya taso mata. “Kai ɗan nan, ka cika abin mamaki. Kana tsammani ban gane ta ba? Tun ranar da ka sa ta a faranti na san gansakuka ce, sai dai ta Makka ce, ta fi tamu albarka. Nan ma ga katangar bayan gida ta yi kore shar, babu mai kankare mini tun da ka tafi. Ka bari damina ta sauka a can, ka koma ka duba.”

Zaren yana cikin aljihuna a lokacin, ina murza shi da yatsa.

Na ce mata, “To, Gwaggo.”